Yadda Unguwa Za Ta Haɗa Kai Kafin Gulbi Ya Cika

Wanda ya tashi a Augie ko Argungu ko Bunza ba sai an ba shi labarin ambaliya ba. Ya san idan marka ta zauna a watan Agusta Gulbin Rima zai fara hawa, idan kuma aka buɗe ƙofofin madatsar Goronyo ko ta Bakolori, ruwan da ya taso daga Sakkwato da Zamfara a fadamarmu zai kwana. Mutanen Bagudo da Shanga da Yauri da Ngaski kuwa da Kogin Kwara suke fama. An ga ruwan 2010, an ga na 2012, na 2020 kuma ya cinye shinkafar da rahotanni suka ƙiyasta ta kai hekta 450,000 a jihar Kebbi kaɗai. A duk waɗannan shekaru, kafin motar hukumar agajin gaggawa ta jiha (SEMA) ko ta ƙasa (NEMA) ta iso, wanda ya fara ƙwanƙwasa ƙofa cikin dare maƙwabci ne. Tunda haka ne, ya kamata a tsara aikin maƙwabcin nan tun ƙasa na bushe, kowa ya san abin da ke wuyansa. Ga yadda ake yi.

Da farko a yi zama tun bazara, cikin Afrilu ko Mayu, kafin noma ya ɗauke hankalin kowa. A lokacin hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, ta riga ta fitar da hasashen damina, hukumar NIHSA mai sa ido kan ruwan koguna ma a kan wannan tsakanin take bayyana ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari, ana kuma jin bayanin a rediyo. Mai unguwa ne zai kira zaman, liman ya sanar bayan sallar Juma'a. A tabbatar sarkin ruwa da sarkin noma da shugaban matasa suna wurin. A bar dattawa su fara magana, a tambaye su ta ina ruwa ya shigo a shekarun baya, wane lungu ya fara cika, wace hanya ce ta fara yankewa. Ruwa ba ya mance hanyarsa, inda ya bi bara nan zai nema bana.

Mata su yi nasu zaman a cikin gida, ungozoma ta jagoranta. Wannan ba abin wasa ba ne. Maza a ƙofar masallaci ba su san wace ce cikinta zai kai wata tara a Satumba ba, ba su san gidan da ake jinyar tsohuwa a ɗakin ƙurya ba. Mata sun sani.

Mataki na biyu shi ne wanda na fi ba muhimmanci, kuma shi aka fi tsallakewa. A sayi littafin rubutu irin na 'yan makaranta, a bi gida gida a rubuta mutum nawa ke kwana a ciki. Sannan a ware shafi na waɗanda ba za su iya fita da ƙafarsu ba: tsofaffi, makafi, guragu, kurame da ba za su ji shela ba, masu jego, masu tsohon ciki, matan da mazajensu suka tafi ci-rani, da almajiran da ke kwana a zauren malam. A gaban sunan kowane ɗaya a rubuta sunayen mutum biyu masu ƙarfi da za su ɗauke shi. Biyu, domin ɗaya yana iya kasancewa a kasuwar Jega ko ta Kamba ranar da abin zai faru.

Dalilin rubutawa shi ne, idan aka ce "matasa za su kula da tsofaffi", kowane matashi zai ɗauka wani ya riga ya je. Idan kuwa aka ce wane da wane su ne na Baba mai goro, to sun san ranar gobe su za a tambaya. Kuma kada a tsaya a takarda. Waɗanda aka ɗora wa nauyin su je su gaida mutumin tun yanzu, su durƙusa su ce, "Baba, mu aka ba amanarka. In ruwa ya zo, ko tsakar dare ne, muryarmu za ka ji, don Allah kada ka ƙi fitowa." Su duba inda yake kwana, su ga ko amalanke zai shiga lungun ko sai an goya shi, su san inda yake ajiye maganinsa. Tsofaffi da yawa suna ƙin barin ɗakinsu, wani zai ce a nan aka haife shi a nan zai mutu. Wanda ya saba zuwa gaishe shi tun watanni uku da suka wuce shi ne zai iya lallashinsa cikin minti biyar, baƙo kuwa sai ya kwana yana roƙo.

Na uku, a kafa alama a bakin gulbi. A samu dogon ƙarfe ko turken giginya a kafa inda ruwa ba zai tumɓuke shi ba, a shafa masa fenti hawa uku. Masunta da dattawa ne za su nuna inda kowane hawa zai tsaya, gwargwadon abin da suka gani a shekarun baya. Idan ruwa ya taɓa na ƙasa, a fara kwashe hatsi da dabbobi. Idan ya kai na tsakiya, mutanen da ke shafin nan na musamman su tashi, ko da rana tsaka ce kuma sama garau. Na sama kuwa ba shawara, kowa ya fita. Amfanin yanke wannan tun da wuri shi ne a kashe gardama, domin a daren tashin hankali ba a rasa mai cewa a ƙara jira zuwa safe. Mutum biyu su riƙa duba alamar safe da yamma daga tsakiyar Yuli har ƙarshen Oktoba.

Alamar tana nuna abin da ya riga ya iso ne. Abin da ke tafe sai a ji shi daga mutanen sama. Rima yana biyowa ta Wurno da Wamakko da Silame kafin ya shigo Augie, ya wuce Argungu da Birnin Kebbi, ya gangara Bunza da Suru ya faɗa Kwara. Kowane gari yana da wanda ke gabansa a kan wannan hanya, kuma ba a rasa suruki ko abokin ciniki a can. A karɓi lambar mutum biyu ko uku, a yi alkawari: in kun ga ya hau ku kira mu, mu ma za mu kira na ƙasa da mu. A kuma ja kunnen masu tura saƙon murya a WhatsApp cewa "dam ya fashe" ba tare da sun san tushen maganar ba. Mutum ɗaya aka yarda ya sanar da gari, shi ma sai ya ji daga bakin wanda ya ga ruwan da idonsa ko daga hukuma. Mutanen gaɓar Kwara su tuna kogin sau biyu yake cika: akwai ruwan damina mai laka, akwai kuma wanda ke tasowa daga tsaunukan ƙasar Gini, wanda ba ya iso mu sai cikin hunturu, lokacin da wasu suka riga suka shuka a bakin ruwa.

Na huɗu, a nemi masauki tun ba a buƙace shi ba. An saba ana tara mutane a makarantar firamare, aji ɗaya gida biyar ko shida, ba sirri, ba isasshen bayan gida, yara kuma karatunsu ya tsaya. Inda hali ya yi, ya fi kyau a haɗa gida da gida: kowane gida na fadama ya san gidan da zai sauka a tudu. Mai unguwa da liman su taka da kansu zuwa wurin takwarorinsu na garin tudu, da goro a hannu, a yi maganar a fili, har da ta inda za a ɗaure shanu da awaki don kada su shiga gonar mai masauki a wayi gari ana rigima. Zumunta a ƙafa take, saboda haka kada a bari sai ranar wahala a san ƙofar gidan mutum. In an yi girbin shinkafa a aika masa da kwano biyu, in an kama kifi a tuna da shi, in yana suna ko biki a je.

Tun cikin Yuli a fara kai wa mai masauki ajiya, musamman irin shuka. Buhun da aka ware na iri shi ne abu na farko da zai bar fadama, domin wanda ya rasa abinci zai samu mai ba shi, wanda ya rasa iri kuwa ya rasa shekara mai zuwa. Takardun gona da na gida, katin zaɓe, katin ɗan ƙasa, takardun makarantar yara da katin asibiti a naɗe su cikin leda biyu a sa a bokiti mai murfi.

Na biyar, gayya. Kafin ruwan farko a fito a yashe lambatu da kwalbati, a kwashe leda da shara, a yi wa katangun laka yaɓe, a gyara indararo don kada ya riƙa zuba a gindin bango. Yawancin gidajen da ke faɗuwa jiƙewar tushe ce ke kayar da su, shi ya sa ɗakin da bangonsa ya tsage ko ya fara tsattsafo ba a kwana cikinsa a daren ruwa. Sai maganar jinga da buhunan yashi, inda nan ne maƙwabtaka ke yawan ɓaci. Wanda ya tare ƙofarsa shi kaɗai ya juya ruwan ne zuwa gidan na kusa da shi. A taru a duba gangaren unguwa gaba ɗaya, a yarda da inda za a ba ruwa hanya, in kuma dole sai ya ratsa gonar wani ko filinsa, a roƙe shi a gaban mutane, a yi masa alkawarin abin da za a rage masa na asara.

A kafa ɗan asusu kuma, kowane gida ya riƙa ba da abin da ya sawwaƙa ranar kasuwa, ko kuɗi ko mudun hatsi. Da shi za a sayi man jirgi, tocila, igiya da rigunan ruwa. Mutum biyu su riƙe, a riƙa karanta lissafin a bainar jama'a.

Ranar da ruwa ya kai alamar sama, a yi shela da lasifikar masallaci, masu babur su zaga lungunan da sauti ba ya kaiwa. A kashe wutar lantarki daga mita. Kowa ya nufi wanda aka rubuta masa kafin ya koma kan kayansa. Kada a yarda yaro ko babba ya ratsa ruwa mai gudu don yana ganin bai wuce ƙwauri ba, wannan kaɗai ya isa ya kayar da ƙato, kuma ba a ganin rijiya ko ramin masai da ruwa ya rufe. A riƙe sanda ana dogarawa, a riƙa haska inda za a sa hannu, domin macizai ma tudu suke nema, suna hawa rumbu da tarin itace.

A bakin jirgi magana ɗaya ce, ta sarkin ruwa ko wanda ya wakilta. Shi zai faɗi mutum nawa za su shiga, in ya ce ya isa to ya isa, ko hakimi ne ke tsaye a gaɓa. Mutanen jihar nan ba su manta da jirgin da ya nutse a yankin Wara ta ƙaramar hukumar Ngaski cikin Mayun 2021 ba, inda lodi ya wuce kima aka rasa rayuka masu yawan gaske. Gara a yi sawu biyar. Mutane su fara ƙetarewa, kaya su biyo baya, dabbobi kuma ba a haɗa su jirgi ɗaya da yara. Da an isa tudu a buɗe littafin nan a kira suna gida gida, kafin kowa ya watse.

Kwanakin da ke biyo baya ciwo ne abin tsoro. Ruwan ambaliya ya wanke masai ya shiga rijiya, daga nan amai da gudawa ke tashi. Duk ruwan sha a tafasa shi ko a sa masa maganin tsarkake ruwa, rijiyar da ruwa ya haura kuma ba a sha sai an yashe ta an zuba mata sinadarin kulorin. Wanda gudawa ta kama a fara ba shi ruwan gishiri da sukari nan take: lita 1 ta tsaftataccen ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri, yana kurɓa ana hanyar asibiti. A raba gidan sauro, masu ciki da ƙananan yara su fara samu.

Sai rabon tallafi, wanda ya raba unguwanni da yawa da ruwa bai iya rabawa ba. Idan jami'ai suka zo ɗaukar sunaye, a miƙa musu littafin da aka rubuta tun bazara, lokacin da ba wanda ya san za a raba wani abu, don haka ba sunan bogi a ciki. Abin da aka samu a sauke shi a fili, a ƙirga a gaban kowa, a fara da marayu da matan da suka rasa mazajensu da waɗanda ɗakinsu ya faɗi. A cire wa masu masauki kasonsu, domin rumbunsu aka ci makonni.

Idan ruwa ya janye, gyaran gidaje ma da gayya za a yi shi, a fara da na wanda ba shi da mai taimako. Fadama kuma ta sha sabuwar laka, noman rani na jira. Wanda irinsa ya tsira ya ranta wa wanda nasa ya tafi, a biya bayan girbi mudu da mudu ba ƙari. Masu injin ban-ruwa su tsara kwanaki da waɗanda nasu ya lalace, mai aro ya zuba mai, in wani abu ya karye a hannunsa ya gyara kafin ya mayar.