Kafin ku sayi fankar fitar da zafi, ku yi wannan lissafi

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman masu gidan ƙanƙara da gidan burodi a nan Sakkwato. Fankar sama ba ta fitar da zafi, juya shi kawai take yi a cikin ɗaki. Wadda ake kafawa a bango tana tura iska waje ita ce maganin.

Ku haɗa ƙarfin wutar dukkan injinan da ke ɗakin. Kowane kilowat 1 yana bukatar kusan mita kubik 600 na iska a awa, in ana so ciki kada ya wuce waje da digiri 5. Kilowat 4 kuwa, 2,400 ke nan. Adadin iskar da fanka ke iya fitarwa yana rubuce a jikin kwalinta. Ku ƙara a kan lissafinku, don rufin kwano ma zafi yake zubowa.

Abin da ke damuna shi ne a kafa babbar fanka a manta da mashigar iska. Sai ka ji ƙofa tana tauri wajen buɗewa, fanka na ta gurnani a banza. A buɗe mashiga a ƙasa, ta gefen inuwa, faɗinta ya fi na fankar, ita kuma fankar a kai ta kusa da rufi. Lokacin hunturu a riƙa kakkaɓe ƙurar ragar da iska ke bi.

Amma fa a watan Afrilu, idan waje ya haura digiri 40, ba fankar da za ta sauko da ɗaki ƙasa da haka.