Yadda Ake Nazarin Hotuna da Rahotannin Jaridu na Kisan Whitechapel na 1888

Tsakanin 31 ga Agusta da 9 ga Nuwamba na shekarar 1888 an kashe mata biyar a unguwar Whitechapel da kewayenta, a gabashin Landan, wato Mary Ann Nichols da Annie Chapman da Elizabeth Stride da Catherine Eddowes da Mary Jane Kelly, kuma har yau ba a tabbatar da wanda ya yi wannan aika-aika ba, illa laƙabin Jack the Ripper da ya bi shi. Duk mai son nazarin shari'ar zai tarar da abu biyu a gabansa: 'yan hotuna kaɗan da ba su nuna rabin abin da ido ke nema ba, da tarin jaridu da suka faɗi fiye da abin da marubutansu suka sani. Aikin mai nazari shi ne ya bi isnadin kowannensu kafin ya gina hukunci a kansa.

Ka fara da tambayar dalilin ɗaukar hoton. Hotunan mata huɗun farko a ɗakin ajiye gawa aka ɗauke su, bayan an ɗauke gawarwakin daga inda aka tsince su, kuma babbar manufar ita ce a samu wanda zai gane fuskar mamaciyar. Saboda haka irin wannan hoto ba zai gaya maka yadda gawa ta kwanta ba, ko inda jini ya kwarara. Kelly kaɗai aka ɗauka a wurin da aka kashe ta, a ɗaki mai lamba 13 a Miller's Court. Game da Eddowes, abin da ya fi hoto amfani shi ne zanen dandalin Mitre Square, inda aka kashe ta, da mai safiyo Frederick Foster ya yi domin zaman bincike.

Ko hoton Kelly ɗin ma sai an yi hattara da shi. An ga gawar ta taga da misalin ƙarfe 10:45 na safe, lokacin da mai gidan, John McCarthy, ya aiki ma'aikacinsa karɓar kuɗin haya da suka taru, amma ba a ɓalle ƙofar ba sai ƙarfe 1:30 na rana, domin 'yan sanda sun tsaya jiran karnukan sansano waɗanda ba su zo ba. Daga nan likitoci da jami'ai suka cika ɗan ƙaramin ɗakin, don haka kada ka ɗauka cewa kowane abu yana nan daidai inda mai kisan ya bar shi. Sannan gilashin ɗaukar hoto na wancan zamani ba ya kama launin ja, yakan fito da shi baƙi ƙirin, ta yadda jini da inuwa da dattin bango duk sukan zama abu guda. Wanda ke yawo a intanet kuwa kwafin kwafi ne, an ƙara masa haske, an yanke gefensa, wani ma an shafa masa launi da kwamfuta. Bayan da wani kundin sirri da aka jingina wa ɗan kasuwar Liverpool James Maybrick, mai iƙirarin cewa shi ne mai kisan, ya bayyana a 1992, mutane suka fara cewa suna ganin haruffan F da M a bangon ɗakin, wai sunan matarsa Florence ne. A ganina wannan aikin ido ne da aka riga aka gaya masa abin da zai gani, domin likitocin da suka tsaya a ɗakin ba su ambaci wani rubutu ba. Hanyar da ta fi aminci ita ce ka ajiye hoton kusa da rahoton Dokta Thomas Bond, wanda ya duba gawar, ka karɓi abin da suka haɗu a kai kawai.

Jaridu su ne inda aikin ya fi yawa, kuma ba yadda za a yi a guje musu. Takardun asali na zaman binciken musabbabin mutuwar Nichols da Chapman da Stride sun ɓace, na Eddowes da Kelly ne suka tsira, don haka shaidar da aka bayar a kan rantsuwa a waɗancan zaman uku ba ta iso gare mu ba sai ta alƙalamin 'yan jarida. Ka raba rahotanni gida biyu: wanda wakili ya rubuta yana zaune a zauren bincike, da wanda ya tsinto a bakin titi ko a mashaya. Na farko ka gwada shi a jaridu uku ko huɗu, irin su The Times da Daily Telegraph, ka lura da inda suka saɓa a kan lokaci ko suna. Idan kuma ka ga labari ɗaya da kalmomi iri ɗaya a jaridu goma, to ba shaidu goma ba ne, kamfanin dillancin labarai guda ne ya sayar musu.

Misalin Israel Schwartz ya isa ya nuna girman matsalar. Wannan baƙo, wanda ba ya jin Turanci, ya gaya wa 'yan sanda ta bakin tafinta cewa ya ga wani mutum ya tunkuɗe wata mace a Berner Street jim kaɗan kafin a tsinci gawar Stride, kuma akwai mutum na biyu a tsallaken titi yana kunna lofe. Da labarin ya fito a jaridar maraice ta The Star, wadda aka kafa a farkon wannan shekarar kuma take neman kasuwa ido rufe, sai lofen ya rikiɗe ya zama wuƙa. Haka Matthew Packer, mai sayar da 'ya'yan itace a titin, da farko ya ce wa ɗan sanda bai ga kowa ba, bayan 'yan kwanaki kuma ya ce ya sayar wa Stride da wani namiji inabi, alhali likitoci ba su ga alamar inabi a cikinta ba. Idan maganar mutum ta sauya, ka riƙe wadda ta fi kusa da ranar, ka kuma duba wanda ya yi masa tambaya a karo na biyu.

Rahotannin ranar farko su ne mafi rauni. An rubuta cewa Kelly tana zaune da ɗanta ƙarami, kuma babu wannan yaro. An yaɗa cewa an jera tsabar kuɗi da zobba a ƙafafun Chapman, amma abin da likita ya ambata a zaman bincike ɗan ƙyalle ne da mataji biyu. Zanen da ke shafin farko na Illustrated Police News shi ma ba hoto ba ne, mai zane ne ya ƙaga daga abin da ya ji. Shi kansa laƙabin mai kisan daga wata wasiƙa ya fito, wadda kamfanin Central News ya karɓa ranar 27 ga Satumba, kuma Robert Anderson, shugaban sashen bincike na Scotland Yard, hedkwatar 'yan sandan Landan, ya rubuta daga baya cewa ɗan jarida ne ya ƙirƙire ta.

Lokutan da shaidu suka faɗa ka ɗauke su da kusan-kusan, domin talakawan unguwar da agogon coci ko na kamfanin giya suke kwatance. A kisan Chapman, Dokta Phillips ya kimanta mutuwar da ƙarfe 4:30 na asuba ko kafin haka, ita kuwa Elizabeth Long ta ce ta gan ta da rai da 5:30.

A ƙarshe ka lura da abin da ba a ɗauka ba. A daren da aka kashe Eddowes an tsinci yankin ƙyallen da take ɗaurawa a gaba a wata ƙofa a Goulston Street, a samansa kuma akwai rubutun alli da ya ambaci Yahudawa. Kwamishinan 'yan sanda Charles Warren ya sa aka goge shi kafin mai hoto ya iso, don gudun tarzoma idan gari ya waye. Abin da ya rage kwafin hannu ne na jami'ai biyu, Alfred Long da Daniel Halse, kuma kalmar korewa ta Turanci, wato "not", ba a wuri ɗaya take a cikinsu ba. Idan za ka kawo wannan rubutu, ka kawo duka biyun, ka faɗi wanda ya kwafi kowanne.