Darasi na Tara: Sayen Fili a Garin da ke Cika da Sauri

A gefen kusan kowane babban birni akwai irin wannan gari. Da asuba mutanensa su cika motoci su nufi wurin aiki a birni, da almuru su dawo su kwana. Kuɗin haya a cikin birni ya fi ƙarfin ma'aikaci, shi ya sa yake neman inda zai kafa nasa gidan a gefe. Shekaru kaɗan da suka wuce gonaki ne a wurin. Yau an yayyanka su fuloti-fuloti, duk inda ka duba bulo ne da tulin yashi.

Ba ƙasa ɗaya ce ke ganin haka ba. A 2018 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa kashi 55 cikin 100 na mutanen duniya a birane suke zaune, kuma ana sa ran za su kai kashi 68 a 2050. Mutane na ƙaruwa, ƙasa kuwa tana nan yadda take. Sai farashin fili ya yi ta hawa, mai saye ya shiga tsoron kada ya makara. Wannan tsoron shi ɗan damfara yake amfani da shi.

Ku karanta wannan hira a bayyane, mutum biyu daga cikinku.

Dillali ya ce, "Malam, fili ne na gani na faɗa. Mutum uku ne ke nemansa. In ba ka ajiye kafin alƙalami yau ba, gobe sai dai ka ji labari."

Magidancin ya ce, "To, ina mai filin?"

"Ya yi tafiya, amma ni ya bar wa komai."

"Takardun fa?"

"Haba Malam, ba ka yarda da ni ba ne? Ka fara biya, takardu suna nan tafe."

"Yarda dai na yarda da kai. Amma ba a cinikin biri a sama. Idan ya dawo ka kira ni, mu zauna da shi, in ga takardun."

Magidancin nan bai zagi kowa ba, bai kira dillali maƙaryaci ba. Ya dai ƙi sakin kuɗinsa kafin ya gani. Wataƙila filin na gaskiya ne kuma wani ya riga shi. To, ya rasa fili ɗaya, kuɗinsa na hannunsa, gobe zai ga wani. Da ya biya kuma filin ya zamo na rigima, da ya rasa duka biyun. Abin da nake so ku riƙe a darasin nan ke nan: a cinikin fili, kuɗi su ne na ƙarshen fitowa.

Me kake saya?

Mai sayen akuya yana jan abarsa ya tafi gida. Fili ba ya jawuwa. Abin da kake biya wa kuɗi shi ne haƙƙin zama da gini a wurin, haƙƙin da hukuma da kotu za su amince naka ne. Irin wannan haƙƙi kuwa ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Najeriya, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha amana a hannun gwamna. Takardar shaidar mallaka da ake bayarwa yawanci ta shekara 99 ce, kuma mai ita ba ya mayar da ita ga wani sai da amincewar gwamna. A Ghana, tsarin mulkin 1992 bai yarda wanda ba ɗan ƙasa ba ya riƙe fili fiye da shekara 50 a lokaci guda ba. A Kenya, tsarin mulkin 2010 ya tsayar wa baƙo shekara 99. Saboda haka ka fara tambaya: a inda nake, wane irin haƙƙi ne ake sayarwa, na shekara nawa ne, kuma shekara nawa suka rage?

Je ka taka da ƙafarka

Hoto a waya ba gani ba ne. Ka je da kanka, kuma ba sau ɗaya ba.

In da hali, ka je da damina, bayan an ɗauke ruwa mai ƙarfi. Filin da yake a bushe da rani yana iya zama tafki idan ruwa ya sauka. In lokacin rani ne, ka duba bangon gidajen maƙwabta ko akwai shatin ruwa a jikinsu. Ka lura ko wurin kwari ne, ko tsohon kududdufi ko juji aka cike. Ƙasar da aka cike tana lotsawa, ginin da ke kanta ya tsage. Ka ɗaga kai ka duba ko manyan wayoyin lantarki sun ratsa ta sama. Ka duba nisansa da babban titi, da layin dogo, da rafi, domin hukuma tana keɓe tazara a gefen waɗannan, kuma gidan da ya shiga cikin tazarar shi rusau ke fara ci.

Sannan ka nemi hanya. Ta ina mota za ta shigo? Yau kowa yana ratsawa ta filin maƙwabci saboda bai gina ba. Ranar da ya ja katanga, kai kuma ka zama ba ka da ƙofa.

Tunda aiki za ka riƙa zuwa daga nan, gwada tafiyar ranar aiki da sassafe, lokacin da cunkoso ya yi tsanani. Masu talla suna son faɗin mintunan da tafiya ke ci idan titi babu kowa.

Fili na wa?

A nan yawancin asara take faruwa, don haka mu ɗan zauna a kai.

Dillali ba mai fili ba ne. Aikinsa ya haɗa ka da mai fili ya karɓi la'adarsa, kuma la'ada ba ta zuwa sai an yi ciniki. Ko da mutumin kirki ne, burinsa a gama da wuri. Ka nemi ganin mai filin ido da ido. Ka ga katin shaidarsa, ka gwada sunan da ke jiki da sunan da ke takardar fili, harafi da harafi. Idan aka ce maka wakili ne, ya nuna takardar wakilci, kai kuma ka yi magana da wanda ya wakilta shi.

Ka tambaye shi yadda filin ya zo hannunsa. Saye ya yi? Daga wa? Ina takardar wancan cinikin? Mai gaskiya ba ya jin haushin irin wannan tambaya.

Idan filin gado ne, ka ƙara taka-tsantsan. Garuruwan da muke magana a kansu a kan gonakin gado suka tashi. Sau da yawa babban wa ne zai sayar, ƙannensa ba su sani ba, ko 'yan'uwansa mata ba wanda ya shawarce su. Kai ka gina, ka tare da iyalinka, bayan shekara biyar sammaci ya iso. Ka tabbata an raba gadon, ko kuma duk magada sun amince sun sa hannu, har da waɗanda ba sa gari. Idan akwai marayu ƙanana a ciki, kada ka ci gaba sai ka ji daga bakin lauya. Bayan hatsarin kotu ma, babu mai son ya kwantar da 'ya'yansa a kan haƙƙin maraya.

Kada ka raina maƙwabta. Ka koma kai kaɗai, ba tare da dillali ba, ka gaisa da waɗanda suka daɗe a wurin. Tambayarka gajera ce: filin nan na wane ne, an taɓa rigima a kansa? Su ne suka san ko an riga an sayar wa wani. Sayar da fili ɗaya ga mutum biyu ko uku tsohuwar damfara ce, kuma ta fi yawa inda masu saye baƙi ne da ba su san juna ba.

Akwai kuma kamfanonin da ke sayen gona babba su yanka, su yi talla, su ce a biya kaɗan-kaɗan. Cikinsu akwai na ƙwarai. Amma ka nemi shaidar rajistar kamfanin, da takardar mallakar babban filin da sunansa, da taswirar yankan da hukuma ta buga wa hatimi. Ka nemi a nuna maka lambar fulotinka a taswira da kuma a ƙasa. Alkawarin "za a ba ka wurinka daga baya" ba fili ba ne.

Bincike a ofishin filaye

Takarda mai hatimi da launi tana iya zama jabu. Abin da ke tabbatar da ita shi ne rajistar da ke ofishin filaye na gwamnati. Ka karɓi kwafin takardar ka kai can, ka biya kuɗin bincike, ka karɓi rasit. Binciken zai nuna sunan wanda aka yi wa rajista, da ko an jinginar da filin a banki, da ko akwai umarnin kotu a kansa. Kai ko lauyanka za ku je. Kada ka bar wa mai sayarwa ya kawo maka sakamakon, kada kuma ka ɗauki lauyan da shi ya zaɓa maka.

Daga nan ka leƙa ofishin tsara gari. A can za ka ji ko an ware wurin don gidajen zama ne, ko kuwa an tanade shi don titi, makaranta ko kasuwa. Gari mai girma da sauri kullum yana buƙatar sababbin hanyoyi, kuma sau tari an zana su a taswira tun kafin a fara aikin.

Na san filaye da yawa a irin waɗannan garuruwa awon igiya ne, ba su da rajista ko kaɗan, kuma su ne talaka ke iya saya. Ba zan ce maka duk haramun ne ba. Amma ka san hatsarinsu ya fi yawa, kuma idan hukuma ta zo aiki, diyya tana wuya ga wanda ba shi da takarda. Kafin ka biya, ka tambayi ofishin ko wurin yana cikin waɗanda za a iya yi wa rajista.

Awo

Ka ɗauko safiyo mai lasisi, wanda kai za ka biya, ya auna ya nuna maka turakun iyaka huɗu, maƙwabta na tsaye.

Ga ɗan lissafi da zai amfane ka. Fuloti mai faɗin ƙafa 50 da tsawon ƙafa 100 yana da murabba'in ƙafa 5,000, wato kusan murabba'in mita 465. Eka ɗaya murabba'in ƙafa 43,560 ce. In ka raba 43,560 da 5,000 za ka samu 8 da ɗoriya, ba su kai 9 ba, kuma ba a cire hanya ba tukuna. To idan aka nuna maka eka ɗaya da aka fitar da fuloti 10, aka ce kowanne 50 da 100 ne, ka san an tsakure awon ko an cinye hanyar.

Ranar biya

A rubuta yarjejeniya. Ta ƙunshi cikakken sunan mai sayarwa da na mai saye, da lambar fuloti, da girmansa, da iyakokinsa, da kuɗin a lamba da kalmomi, da kwanan wata, da sa hannun shaidu daga ɓangarorin biyu. In biyan kashi-kashi ne, a rubuta ranakun, a rubuta kuma abin da zai faru da kuɗinka idan cinikin ya warware.

Ga wanda karatunsa bai nuna ba tukuna, babu abin kunya. Ka zo da naka mai karatu, ya karanta maka layi-layi a gaban kowa, ya fassara maka in da wani harshe aka rubuta. Kada ka dangwala yatsa a takardar da ba a karanta maka ba, kada kuma ka sa hannu a wadda aka bar gurbi babu rubutu. Ke ma 'yar'uwa, idan da kuɗinki aka saya, sunanki ya kamata ya hau takardar, ko da wani kika aika ya yi miki cinikin.

Ka biya ta banki, cikin asusun da ke ɗauke da sunan mai filin. Banki yana ajiye shaida. Ka karɓi ainihin takardun a zaman da ka cika kuɗin.

Ciniki bai ƙare ba sai sunanka ya shiga rajista. Mutane da yawa a nan suke sakaci, don kuɗi sun ƙare ko don suna ganin an gama. Muddin tsohon suna na cikin littafin hukuma, ƙofar sake sayarwa a buɗe take. Saboda haka tun farko ka ware kuɗin lauya, da na safiyo, da na haraji da rajista. Bayan nan ka kewaye filin ko da ƙaramar katanga ce, ka riƙa leƙawa, ka nemi izinin gini kafin ka haƙa tushe. Ka yi kwafin takardun ka ajiye a wani wuri dabam, ka kuma sanar da iyalinka inda suke.

Aiki

Ka rubuta waɗannan kalmomi sau uku-uku, ka sa kowacce a jimla: fuloti, safiyo, jingina, rajista, yarjejeniya.

Wata ma'aikaciya tana cin awa ɗaya da rabi zuwa wurin aiki, awa ɗaya da rabi dawowa, kwana 5 a mako. Awa nawa take yi a hanya cikin mako 4?

Ku koma kan hirar da ke farkon darasi. Ɗaya ya zama dillali ya matsa sosai, ɗaya ya zama mai saye. Mai saye ya yi tambayoyi biyar cikin ladabi, sauran aji su rubuta su a littafinsu, mu duba tare a zama na gaba.