Yadda ake gyara wa yara filin wasa a cikin gida

Kafin a sayi ƙwallo ko a kira mai walda, a fara zagaya wurin da ake so a ware wa yara, a duba abin da ke ƙasa da abin da ke sama. Rijiya da ramin shadda su ne abu na farko. Murfin shadda da ya tsufa yana iya ɗaukar mutum mai tafiya, amma tsalle-tsallen yara shida a kansa kullum wani abu ne daban, don haka kada filin ya hau kansa ko kaɗan. Rijiya kuwa a yi mata murfin ƙarfe mai kwaɗo. A ɗaga kai a duba wayar wuta, da igiyar shanya da ta zo daidai wuyan yaro mai gudu, da fasassun kwalabe ko waya mai ƙaya a kan katanga, domin duk ranar da ƙwallo ta faɗa maƙwabta sai an sami mai hawa. Janareto, tukunyar gas da murhu su kasance nesa, a bayan shinge.

Ba a bukatar fili mai yawa. Mita 6 a faɗi da mita 8 a tsawo ya ishi yara shida su buga uku-uku, ko su yi jifa a kwando ɗaya. Abin da aka fi mantawa shi ne sarari tsakanin layin fili da bango. Yaro ba ya tsayawa cak a kan layi, gudunsa na kai shi gaba, saboda haka a bar aƙalla mita ɗaya da rabi ta kowane gefe, ko da hakan zai rage girman filin. Inda bango ya matso dole, a jera tsofaffin tayoyi a ɗaure su a jikinsa, amma a huda kowace taya ta ƙasa, in ba haka ba da damina za su tara ruwa su zama gidan sauro.

Ƙasar filin ce ta fi bukatar natsuwa. Hanya mai sauƙin kuɗi ita ce daɓe: a kwashe ƙasar sama kamar inci huɗu tare da saiwoyi, ƙusoshi da tsingaro, a zuba burji ko jar ƙasa, a yayyafa ruwa, a daɓe da kyau. A yi shi hawa biyu, kowane hawa inci biyu, domin idan aka zuba da kauri gaba ɗaya saman ne kawai zai kama, ƙasan ya zauna a sake, bayan ruwan farko sai ramuka su bayyana. Daɓe ya fi siminti sauƙi ga gwiwa da goshi, ya kuma fi dacewa da ƙwallon ƙafa, langa da 'yar gala-gala. Matsalarsa ƙura ce lokacin hunturu, sai a riƙa yayyafa ruwa kafin a fara wasa, musamman idan akwai yaro mai asma.

Idan ƙwallon kwando ake so, sai an zuba kankare, tunda ƙwallon na bukatar ƙasa mai tauri. Kauri inci huɗu, wato santimita 10, a kan ƙasar da aka riga aka daɓe. Haɗin shi ne buhun siminti ɗaya, yashi kwanon sarki huɗu, tsakuwa kwano takwas. Fili mai mita 6 da 8 zai ci kimanin buhu 30. Abubuwa uku ne ke lalata irin wannan aiki. Na ɗaya, magina sun saba goge siminti ya yi sumul kamar na ɗaki, wanda da ruwa ya taɓa shi ya zama santsi. A ce musu su ja tsintsiya a kai tun yana ɗanye don ya yi ɗan kaushi. Na biyu, rashin gangara: a sauke filin santimita ɗaya a kowace mita zuwa wajen rariya, domin ruwan da ya kwanta yana tsirar da gansakuka, ita kuma ta fi sabulu santsi. Na uku, gaggawa. Kankare na bukatar ban ruwa safe da yamma har kwana bakwai, a lulluɓe shi da buhuna, a kuma yanka masa layi duk bayan mita uku don in zai tsage ya bi layin. Wanda aka bari ya bushe a rana kwana biyu yana fara ɓarɓashi cikin 'yan watanni.

Zafi ma abin lura ne. A Kano, Sakkwato ko Damagaram, daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, kuma siminti da ya sha rana yana ƙona tafin ƙafa. Babba ya ɗora bayan hannunsa a kai. Idan bai iya jurewa na daƙiƙa biyar ba, yara su jira bayan la'asar. Inuwar darbejiya ta yamma da filin tana taimakawa ƙwarai, sai dai a dasa ta aƙalla mita huɗu daga kankaren, saboda saiwarta na ɗaga shi. A ajiye randa ko kula a gefe, a riƙa tsayar da wasa ana shan ruwa, don yaro in wasa ya yi daɗi ba ya tuna ƙishirwa.

Raga da sandar kwando su ne kayan da ke iya faɗo wa yaro. Ragar ƙarfe da ba a kafe ba haɗari ce babba, domin yara suna lilo a sandar sama, ita kuma ta kifo gaba. Ga ƙanana, a haɗa raga da bututun roba irin na ruwa mai inci biyu, faɗi mita 1.8, tsayi mita 1.2, ba ta da nauyi, ba ta tsatsa. In ta ƙarfe ce, a binne ƙafafunta da kankare, a sa mai walda ya goge duk wani kaifi. Sandar kwando ta shiga rami mai zurfin ƙafa biyu zuwa uku a cika da kankare, a naɗe ta da tsohuwar katifa har tsayin kan yaro. Kada a kafa kwando a jikin katangar bulo: idan yaro ya yi lilo a jikin kwandon, bulon na iya ɓallowa tare da shi.

Tsayin kwando na manya mita 3.05 ne, amma yaron firamare zai fi jin daɗin mita 2.6, 'yan shekara biyar da shida kuma ƙasa da haka. Yaron da ya yi jifa ashirin bai ci ko ɗaya ba zai bar filin ya koma waya. Haka girman ƙwallon ƙafa: mai lamba 3 ga waɗanda ba su kai shekara takwas ba, lamba 4 zuwa shekara goma sha biyu, lamba 5 ga na sama da haka. A ja layi da fenti, a guji igiya da ƙusoshi. A wani lungu a zana gidajen 'yar gala-gala, a zuba yashi mai zurfin ƙafa ɗaya don ƙanana, a ware musu lokacinsu, domin in aka haɗa su da manya kullum su ne a ƙasa, 'yan mata ma sai su rasa wuri. Ragar zare mai tsayin mita uku ta ɓangaren titi da tagogi tana hana yaro bin ƙwallo zuwa gaban babur.

Kowace safiya ta wasa a share filin, a ɗaga tayoyi da sanda a duba kunama, musamman farkon damina. Da an ji tsawa a shigo da kowa ɗaki. A ajiye auduga, bandeji da maganin wanke ciwo a kusa. Wanda tsohuwar ƙusa ta soka a wanke masa wurin da ruwa da sabulu, a kai shi asibiti saboda allurar tetanus. Wanda ya bugu a kai ya fara amai, ko barci na fizgarsa, ko maganarsa ta rikice, a kai shi asibiti nan take, kada a jira gari ya waye.