Kurakuran da ake yi wajen auna jin daɗin rayuwar masu raunin laka

Idan aka sallami mai raunin laka daga asibiti a Yamai, takardarsa na ɗauke da abin da likita ya gani: inda ƙashin baya ya karye, inda yake ji da inda ba ya ji, da matakinsa a ma'aunin tsananin raunin laka na ASIA, daga A zuwa E. Wani lokaci a ƙara da wani ma'auni mai suna SCIM, mai maki 0 zuwa 100, wanda ke nuna abin da yake iya yi wa kansa. Duka biyun suna da amfani, amma jiki suke aunawa. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a dube su a ce an san yadda mutum yake rayuwa. Za ka ga mutum biyu matakinsu ɗaya, wannan ya koma shagonsa a kasuwar Wadata, wancan ko zaure ba ya leƙawa. Sai an tambaye su za a san bambancin.

Takardar tambayoyin ma a zaɓe ta da lura. SF-36, takardar auna lafiya gaba ɗaya, tana tambayar hawa bene da tafiya a ƙasa, ka ga mai keken guragu ya rasa maki tun kafin ya buɗe baki. Gara WHOQOL-BREF ta Hukumar Lafiya ta Duniya, mai tambayoyi 26 kan jiki, hankali, mu'amala da muhalli. In lokaci ya ƙure, akwai gajera da masana raunin laka suka fitar a 2012: yaya kake jin rayuwarka gaba ɗaya, da lafiyar jikinka, da kwanciyar hankalinka, daga 0 zuwa 10. A fassara ta daga Faransanci sau ɗaya, a rubuce, kowa ya yi aiki da ita. Wanda bai saba da lamba ba, a zana masa tsani ya nuna matakin da yake.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda ke ba da amsa. Ka tambayi majinyaci, sai uwa ko ƙane ya karɓe: "Ai da sauƙi." Shi kuma ya ce alhamdu lillahi, a rubuta yana lafiya. Godiyar Allah gaskiya ce, amma ba ta nufin ba ya kwana da zogi. Kuma wane magidanci ne zai faɗi a gaban surukarsa cewa fitsari na kubce masa? Wace mace za ta yi wa baƙon namiji zancen kwanciyar aure? Alhali nan nauyin yake. A wani bincike da aka buga a Amurka a 2004, waɗanda raunin ya taɓa har hannuwansu sun sa dawowar aikin hannu a gaba, waɗanda ya tsaya a ƙafafu kuwa suka sa harkar aure, sannan riƙe fitsari da bayan gida ya zo a sama wajen ɓangarorin biyu. Don haka a nemi 'yan jinya su ba da wuri, mace ta tambayi mace, a fara da ƙananan abubuwa: "Malam, jiya ka samu barci? Wa ya taimake ka alwala? Yaushe rabonka da masallacin Juma'a?" Mai jinya ma a ji ta bakinsa, amma a takarda dabam.

Kada kuma mai tambaya ya cika amsa da tausayinsa. An sha ganin ma'aikatan lafiya suna ɗaukar rayuwar waɗannan mutane ta fi muni fiye da yadda su masu ita suke faɗa.

Awo ɗaya a gadon asibiti bai isa ba. A gida ne ake gamuwa da yashin da keke ba ya ratsawa, da masai na tsuguno, da kuɗin robar fitsari. A rubuta watan da aka yi tambayar, domin WHOQOL-BREF makonni biyu na baya kawai take dubawa, kuma zafin Afrilu ya fi gallabar wanda jikinsa ba ya gumi sosai daga wurin raunin zuwa ƙasa. Masu zuwa gashin ƙashi kaɗai ma ba su wakiltar kowa, tunda su ne masu kuɗin mota. Waɗanda aka mayar ƙauye a bi su ta waya. In tambaya ta tono gyambon kwanciya, ko zazzaɓi tare da fitsari mai wari, ko mutum ya ce ya gaji da duniya, a ajiye takardar a haɗa shi da likita a ranar.