Yadda za ka ɗauki hoto mai dishi-dishi a gefe ba sai da lens mai tsada ba

Masu kyamara na Katsina ku matso. Akwai lens irin na Lensbaby da ke barin wuri ɗaya garau sauran hoton ya yi dishi-dishi, amma kuɗinsa ba wasa ba, to kafin ka tara gwada wannan.

Da farko nemi filta ta UV (gilashin nan garau da ake ɗaurawa a bakin lens don kare shi) mai arha daidai bakin lens ɗinka, lens mai 50mm ya fi daɗin aiki, ka ɗaura ta. Sai ka lakuci basilin ɗan mitsitsi ka shafa a gefe-gefen filtar, tsakiyar kuma ka bar ta fes. Don Allah kar ya taɓa gilashin lens ɗin kansa, gogewar sai ta fitar maka da rai.

Daga nan buɗe lens ɗin sosai, f/1.8 ko f/2.8, ka mai da fokas na hannu don maiƙon yana ruɗa kyamara ta yi ta lalube. Saita kan idon mutum.

Bayan la'asar ya fi, rana ta yi sanyi, ka je wajen Hasumiyar Gobarau ka tsai da abokinka rana na bayansa, za ka ga hasken ya bazu a gefen hularsa fuskar kuwa tar, in dishin ya yi yawa rage basilin da tishu ka sake ɗauka.

Da hunturu dai a kula, ƙura na mannewa nan take. In ka gama kwance filtar ka wanke da ruwan ɗumi da sabulu.