Yadda ake lissafin nauyi ba tare da an cakuɗa kilo da niyuton ba

Duk shekara idan WAEC ta matso, ɗaliban da nake yi wa lesin na Fiziks da yamma a Birnin Kebbi wuri guda suke tuntuɓe. Sai in tambaya, buhun shinkafa mai kilo 50 idan aka kai shi duniyar wata, kilo nawa zai zama? Nan take sai ka ji ana ta rage masa kilo. To wa ya ɗebi shinkafar a hanya?

Ban cika ganin laifinsu ba, don a bakinmu kalmar nauyi aiki biyu take yi. Saboda haka kafin ka taɓa biro, raba su. Akwai yawan abin da ke cikin buhun, wanda littafi ke kira mas, da kilo ake auna shi, kuma ko ina ka kai buhun haka yake. Shi kuwa nauyi ƙarfin da ƙasa ke jan buhun da shi ne, abin da ɗan dako ke ji a wuyansa. Ana auna shi da niyuton, alamarsa N, sunan Isaac Newton na Ingila da ya fito da dokar wannan ja a 1687. Ni a ajina na hana a ce "maganaɗisun ƙasa". Maganaɗisu bai san shinkafa ba, ƙarfe yake ja.

Sai ka nemo g, wato niyuton nawa wurin ke jan kowane kilo ɗaya da shi. A duniyarmu kusan 9.8 ne, a wata 1.6. Ka ninka mas da g ka samu nauyi, shi ne W = mg, W nauyi, m kuwa mas. Buhunmu a kasuwar Argungu 50 sau 9.8, niyuton 490. A wata 50 sau 1.6, niyuton 80 kacal, yaro ma sai ya cira shi, alhali ko ƙwaya ɗaya ba ta ragu ba.

Idan har yanzu abin bai zauna ba, je ka tsaya wurin masu awo. Sikelin rataye mai sifirin, irin wanda ake saƙala kaya a ƙugiyarsa, jan ƙasa yake ji, an dai rubuta masa kilo a fuska ne don a nan za a yi aiki da shi. Kai shi wata, zai nuna maka buhun bai wuce kilo 8 da ɗan kai ba. Amma sikeli mai faranti biyu da ake ɗora wa duwatsun awo ba zai ruɗu ba, don yadda buhun ya yi sauƙi haka duwatsun suka yi. Ba sai ka kashe kuɗin sayen sikeli ba, ɗaura dutse a jikin robar ɗaurin kuɗi ka ga yadda take miƙewa, aikin sifirin ke nan.

A jarrabawa, g ɗin da aka ba ka a takarda shi za ka yi aiki da shi. In an ce 10, sa 10, kada ka nuna wa mai maki iyawa. Gaskiya ma 9.8 ɗin matsakaici ne: nan wajenmu kusa da ikwaita, layin da ya raba duniya arewa da kudu, 9.78 ne, can ƙuryar arewa mai ƙanƙara ya kai 9.83.

Ka kula da giram. Wata ɗaliba ta taɓa ninka giram 500 da 10 kai tsaye, ta kawo mini niyuton 5,000. Na ce mata, ke yanzu ƙullin sukarin nan ya kai buhun shinkafa goma? Raba da 1,000 tukuna, ya zama kilo 0.5, amsa niyuton 5.

In nauyi aka ba ka aka ce nemo mas, raba da g ɗin wurin: 80 a raba da 1.6, ka dawo 50. In g ake nema, raba nauyi da mas. Na wata kuwa in sauri kake, raba nauyin duniya gida shida. A duniyar Jufita g kusan 25 ne, ka gwada buhun a can da kanka, kuma ka sa N a ƙarshen amsa.